Shekarar 248 a Rum, 999 a Kano: wa ya ƙirga, kuma da me?

A zauren gidanmu a cikin birni akwai wata tsohuwar kalanda da watanninta suka daɗe da wucewa, amma ba wanda ya yarda a cire ta, saboda tana ɗauke da jerin sarakunan Kano. Layin farko: Bagauda, 999 zuwa 1063. Ƙanena da ke ƙaramar sakandare ya haddace shi kamar karatun allo. Ran nan na tambaye shi, "Wa ya ce 999?" Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Yaya, ai a rubuce yake."

To, wannan lambar ce nake so mu ɗora a sikeli yau, ni da kai mai karatu. Ni ba tarihi na karanta ba, kimiyya na yi, kuma abu na farko da aka horar da mu a kai a ɗakin gwaji shi ne: duk awon da ka rubuta, ka faɗi da me ka auna, ka kuma faɗi iya inda kuskurenka zai iya kaiwa. 999 tana yawo a littattafan makaranta da Facebook da jawaban taro ba tare da ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Amma kafin mu taɓa Bagauda bari mu fara zuwa Rum, don su ma sun yi irin wannan lissafi, kuma a can babu kakan kowa, ba wanda zai yi fushi.

A watan Afrilu na shekarar da muke kira 248 Miladiyya, birnin Rum ya yi bikin cika shekara 1000 da kafuwa. Sarkin lokacin shi ne Filib, wanda tarihi ya fi sani da Filib Balarabe, haifaffen Shahba a kudancin Siriya ta yau. Ya hau mulki a 244. An yi wasanni da yanke-yanke, an buga kuɗin ƙarfe na tunawa masu hoton zaki da dorina da kyarkeciyar nan da aka ce ita ta shayar da tagwayen da suka kafa birnin. Kuɗaɗen suna nan har yau a gidajen tarihi. Filib kansa bai daɗe bayan bikin ba, an kashe shi a 249 a rikicinsa da Desiyus wanda ya gaje shi.

Abin lura na farko: a duk taron nan babu mutum ɗaya da ya san cewa yana cikin "248". Wannan ƙirgen bai zo duniya ba sai a 525, lokacin da wani malamin coci mai suna Diyonisiyus ya tsara shi. Magatakardan Rum kuwa da sunan kwansul yake kiran shekara, wato shugabanni biyu da ake naɗawa duk shekara, sai a ce "shekarar wane da wane". A waccan shekarar Filib ne da ɗansa suka riƙe kujerun, shi karo na uku, ɗan karo na biyu. A Masar, mai rubuta rasit ɗin haraji zai sa "shekara ta 5 ta mulkin Filib". A lardin da Rumawa ke kira Arabiya, mai hedikwata a Busra, garin nan da ka sani a labarin Bahira, shekara ta 143 suke ciki, don su daga 106 suka fara ƙirge, lokacin da Rum ta haɗiye ƙasar. Kalandar Hijira kuwa da sauranta, Hijirar ma sai bayan shekara 374, kuma sai a zamanin Sayyidina Umar aka mai da ita mafarin ƙirge.

Kada wannan ya ba ka mamaki, mu ma haka muke. Tambayi tsohuwar gidanku yaushe aka haife ta, za ta ce zamanin Sarki Alhaji, ko ta ce an yi mata aure shekarar zuwan Sarauniya, ko ta haifi babanka shekarar da aka canza kuɗi. Larabawa suna da Shekarar Giwa. Ƙirge ne mai kyau ƙwarai ga waɗanda suka rayu a ciki. Matsalarsa ba ta tasowa sai ranar da wani ya zo yana son sanin shekara nawa ke tsakanin abu kaza da abu kaza. A nan dole ya nemo cikakken jerin sunayen, ya yi ta tarawa yana komawa baya.

Abin da wani masani Barume mai suna Varro ya yi ke nan a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An bi jerin kwansul-kwansul har zuwa farkon jamhuriya, wanda a ƙirgenmu ya faɗa 509 kafin Miladiyya. Kafin nan an ce sarakuna bakwai sun yi mulki na shekara 244. Tara 509 da 244, ka sami 753. Ita ce shekarar kafuwar Rum da ake koyarwa har gobe, kuma a kanta Filib ya dogara. In kana son gwadawa: 753 da 248 sun ba da 1001, ka cire ɗaya saboda ƙirgen Miladiyya ba shi da shekarar sifili, daga 1 kafin Miladiyya tsalle ake yi zuwa 1 Miladiyya. Saura 1000 cif.

Lissafin ya fita tsaf. Kayan da aka zuba a cikinsa ne ke da tsakuwa. A jerin da Varro ya bi akwai shekaru huɗu, 333 da 324 da 309 da 301 kafin Miladiyya, da aka ce babu kwansul, wani shugaban gaggawa ne ya riƙe gari shi kaɗai. Masana tarihin Rum na yau sun tafi a kan cewa cusa su aka yi daga baya don jerin ya daidaita. Akwai kuma wasu shekaru biyar da aka ce an yi su ba shugabanni sam. Shi ya sa mamayar da ƙabilun Gol suka yi wa Rum take faɗawa 390 a wurin Varro, alhali a lissafin Polibiyus, marubucin Girka, 387 ko 386 ce. Kuma ba Varro kaɗai ya gwada ba: Fabiyus Piktor ya sami 748 ko 747, wani ya sami 729 ko 728, Timayus na Girkawa ma 814 ya ce. Na Varro ya yi rinjaye ne don fada ta ɗauke shi. Sai sarakunan nan bakwai: raba 244 gida bakwai, kowane sarki ya tashi da kusan shekara 35. Isaac Newton, shi dai wannan na lissafin motsi da nauyi, ya yi ƙorafi a kan irin wannan a littafinsa na ƙirgen zamunan tsoffin dauloli da ya fito a 1728. Ya duba jerin sarakunan da tarihinsu ya tabbata, ya ga matsakaicin mulki bai cika wuce shekara 18 zuwa 20 ba. Riƙe lambar nan 35, za mu sake haɗuwa da ita a gindin Dala.

Mu dawo gida. 999 ta fito ne daga fassarar da H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka na Ingila, ya yi wa littafin nan na Larabci da ake kira Tarihin Kano, wadda aka buga a wata mujallar masana a Landan a 1908, aka sake bugawa a 1928. Littafin ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, wanda ya hau a farkon shekarun 1880, kuma yawancin masu bincike suna ganin a zamaninsa aka haɗa shi a yadda muka san shi. Ga abin da kalandar zaurenmu ba ta faɗa: marubucin bai ce Bagauda ya hau a shekara kaza ba. Abin da yake bayarwa shi ne tsawon mulki, wane ya yi shekara kaza, wane ya yi kaza. Palmer ne ya kama daga sarakunan baya-bayan nan da aka san lokacinsu, ya yi ta ɗebewa yana ja da baya, har ya dire a 389 Hijiriyya, sannan ya juya ta zuwa Miladiyya ta zama 999. Aikin Varro sak.

Kafin in soke shi bari in ba shi haƙƙinsa, don hanyar ba ta banza ba ce. Lissafinsa ya sa Muhammadu Rumfa, mai Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, a 1463 zuwa 1499. Muna da shaida daga waje da za mu gwada wannan da ita: Shehu Magili ya zo Kano wajen 1492 ya rubuta wa sarkinta nasiha, daga baya ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songhai a 1493. Abin ya zauna daram. Ka ja da baya shekara ɗari huɗu da lissafin tarawa kawai, ka faɗo a inda ya dace, wannan ba ƙaramin yabo ba ne ga maroƙa da makaɗan fada da malaman da suka riƙe jerin nan. Duk wanda ya ce maka Tarihin Kano tatsuniya ce kawai, ka tuna masa da wannan.

Amma daga Rumfa zuwa Bagauda akwai sauran shekara fiye da 460, kuma a can babu wani Magili da za mu jingina da shi. Nan ne nake da ja, har guda uku, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙi shi ne na irin shekarar. Sarakuna goma na farko, daga Bagauda zuwa Usmanu Zamnagawa, ga shekarun da aka ba su: 66, 33, 40, 2, 60, 55, 44, 17, 37, 7. Jimla 361. Palmer ya ɗauke su duka a matsayin shekarun wata, masu kwana 354, shi ya sa 361 ɗin ta koma 350 a Miladiyya, daga 999 zuwa 1349 da Yaji ya hau. To amma littafin da kansa ya ce a zamanin Yaji ne Wangarawa suka kawo Musulunci fada. Wa ke ƙirga Muharram da Safar a Kano ta zamanin Tsumburbura? Manomi da damina yake ƙirga shekara, damina kuwa rana take bi, ba wata ba. In shekarun nan 361 damina ce, sai ka cire su kai tsaye daga 1349, ka sami 988. Ba mu taɓa ko lamba ɗaya ta littafin ba, mun sauya zato ɗaya ne kawai, shekara 11 ta tafi. Af, ga wani abin dariya a gefe: in da Kano za ta yi irin bikin Filib, a ƙirgen Hijira shekara dubun Bagauda ta cika tun 1389, wato 1969, a ƙirgen Miladiyya kuwa sai 1999. Shekara talatin tsakanin biki da biki, sarki ɗaya.

Na biyu shi ne yadda kuskure ke taruwa. Ba sarkin da ke mutuwa daidai ranar da ya cika shekara. In mai ƙirge yana cike gurbi wani lokaci sama wani lokaci ƙasa, kurakuran suna cinye juna, a sarakuna arba'in da wani abu ba za su wuce 'yan shekaru biyu ko uku ba. In kuwa al'adarsa ita ce ya ba mamaci shekarar da ya rasu a cikinta, ya kuma ba magajinsa ita, to kuskuren gefe ɗaya yake tafiya, kowane sarki yana ƙara kusan shekara guda, kafin ka kai Bagauda ka yi rarar shekaru masu yawa. Gwajin Rumfa ya nuna cewa a ɓangaren baya-bayan nan abin bai yi muni ba. Bai ce komai a kan ɓangaren farko ba.

Na uku shi ne babba, kuma a kansa nake so ka tsaya. Raba shekara 350 ɗin nan tsakanin sarauta goma. Me ka samu? 35. Lambar sarakunan Rum. Yanzu ɗauki daga Yaji, sarki na 11, zuwa Alwali, na 43, wanda Palmer ya rufe mulkinsa a 1807: sarakuna 33 a shekara 458, matsakaici bai kai 14 ba. Gari ɗaya, gidan sarauta ɗaya, amma na farkon sun ninka na bayan sau biyu da rabi. Ba ina cewa dogon mulki ba ya yiwuwa ba ne, mu da muka ga Alhaji Ado Bayero ya yi shekara 51, daga 1963 zuwa 2014. Amma 60, sai 55, sai 44 a jere, a zamanin yaƙi da annoba? Dubi Guguwa, sarki na bakwai. An kira shi ɗan Gijimasu. A lissafin Palmer, Gijimasu ya rasu a 1134, Guguwa ya hau a 1247, ya sauka a 1290. Ko da a ce a cikin ciki uban ya bar shi, ya hau gado yana da shekara 113, ya ƙara fiye da 40 a kai. Ko dai "ɗa" a nan jika ko tattaɓa-kunne ake nufi, ko an manta da wasu sarakuna an zuba shekarunsu a kan waɗanda ake tunawa, ko kuma shekarun ne aka miƙar don girmamawa. Ka lura, waɗannan ba gefe ɗaya suke ja ba. In an miƙar da shekaru, Bagauda ya matso kusa da mu. In kuwa an zubar da wasu sunaye tare da shekarunsu, ya ƙara nisa. Shi ya sa ba zan ce maka ainihin shekarar 1050 ce ko 950 ba. Cewa nake yi lamba mai gida uku da ta ƙare da tara tana nuna daidaiton da shaidar ba ta da shi.

Ga kuma sauran majiyoyi da ba su bi littafin sau da ƙafa ba. Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a tsakiyar shekarun 1960, tana da nata jerin sarakunan da nata shekarun, kuma ba ko'ina suka dace da na Tarihin Kano ba. Littafin asalin Wangarawa, wanda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, ya sa isowarsu Kano a zamanin Rumfa, ba na Yaji ba, tazarar da ta haura shekara ɗari. Masana irin su Murray Last da M. G. Smith da John Hunwick sun yi ta muhawara a kan yadda ya kamata a karanta ɓangaren farkon littafin, har Last yana ganin wasu sassan sun fi kama da misali da ake bugawa don bayyana siyasa fiye da rahoton abin da ya faru. Wannan muhawarar ta fi shekara arba'in, amma ba ta iso zauren gidanmu ba.

To laifin wa? Na Palmer shi ne ya liƙa shekarun a kan sunan kowane sarki, Hijiriyya da Miladiyya gefe da gefe, da fuska ɗaya, tun daga Bagauda har Bello, ta yadda mai karatu ba zai bambanta wadda aka tabbatar da wadda aka lissafo ba. 1463 da 999 sun sha tawada iri ɗaya. Amma rabon da ya fi girma namu ne. Shi ya yi nasa a 1908 da abin da ke hannunsa. Mu ne muka kwafe lambar daga littafi zuwa littafi, daga nan zuwa allon aji da takardar jarrabawa, muka yar da bayanin yadda aka same ta a hanya. Har ta kai ana cewa "an kafa Kano a 999", abin da ko littafin bai faɗa ba, don ya ce Bagauda ya tarar da mutane a wurin, ragowar jama'ar Barbushe. Ƙasa ma ta ba da shaida: gwajin kabon da aka yi wa burbushin wurin narka ƙarfe a Dala ya nuna wajen ƙarni na 7. Wato masu taƙama da 999 a musun Kano da Katsina a intanet rage wa garin shekaru suke yi, ba su sani ba.

Za ka iya cewa, to mene ne a ciki, shekara goma ko hamsin a abin da ya wuce shekara dubu? Akwai abu biyu. Ɗaya yaron nan ne da ya ce min "ai a rubuce yake". In ya saba karɓar lamba don kawai an buga ta, haka zai karɓi adadin da aka turo masa a WhatsApp a kan rigakafi ko ƙidayar jama'a. In da malaminsa zai ba shi lambobi goman nan ya ce ya tara, ya cire daga 750 Hijiriyya ya ga 389 ta fito da hannunsa, sannan ya tambaye shi shekarar Guguwa nawa ranar da ya hau, da ya koyi tarihi da lissafi da shakka mai amfani a darasi guda. Gyaran kalandar ma ba tsada: a sa "wajen" a gaban duk shekarar da ta gabaci Rumfa, a ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa lissafin Palmer ne daga tsawon mulki.

Na biyun ya fi gaggawa. Duk inda ka ga an rubuta cewa an fara ginin ganuwar Kano tsakanin 1095 da 1134, ka sani ba ganuwar aka auna ba, shekarun Gijimasu ne na wannan lissafin aka ɗora mata. Da su ake gabatar da ita ga duniya, ita da ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Rumawan yau sun samu abin gwada Varro da shi ne ta hanyar haƙa a tudun Palatin, inda aka tarar da ragowar bukkoki na wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya. Mu ma muna da irin wannan damar. Gawayi ko ƙashin da ya maƙale a gindin badala ana iya yi masa gwajin kabon-14, ƙwayar yashin da ke cikin ginin kuma akwai na'urar da ke gano yaushe rabonta da ganin hasken rana. Amsar ba za ta zo da shekara ɗaya tilo ba, za ta zo da tazara, a ce tsakanin kaza da kaza, kuma ita ce shaida ta farko da ba ta bi ta hannun Palmer ba. Sai dai gwajin yana bukatar ƙasar da ba a taɓa motsa ta ba tun ranar da magina suka ɗora ta. Makon jiya na bi ta wani gefen badala da nake hawa ina yaro, na tarar an share wurin an zuba harsashin shaguna, ƙasar kuma an kwashe ta a tifa an kai cikon wani kududdufi.